Shekarar da Aka Raɗa Mani Mijin Gawo

Hassan da Husaina, ku da ƙannenku kun tashi kun tarar ana kirana Mijin Gawo, kuma na san labarin da aka ba ku a kai. An ce maku lokacin da aka haife ku an sa ni in zaɓa tsakanin uwarku da icce, na duba nan na duba can, na ɗauki iccen. Wasu ma sun ƙara gishiri, wai an same ni na rungume gawon ina kuka ina ce mashi amarya. To, kukan ba yadda aka faɗa yake ba. Rungumar kuwa za mu zo wurinta. Tunda gemuna ya fara fari ta gefen hagu, kuma kai Hassan ka dawo daga lakol, makarantar bokon nan ta Maraɗi, bakinka cike da maganar canjin yanayi har ba ka barin mutum ya sha furarshi cikin natsuwa, na ga gara in zauna in rubuta maku yadda abin ya gudana, tun masu ƙarin gishiri ba su gama da ni ba.

An haife ku tsakiyar bazara, bayan wata damana mai rowa wadda ta bar rumbuna da rabin ciki. Zafin shekarar nan, in na ce maku kazar uwarku ta yi ƙwai a tsakar gida kafin ya taɓa ƙasa ya dahu, za ku ce Baba ya fara halinshi. To ku rage rabi, abin da ya saura ma ya isa. Kowa a garinmu, daga liman har mai tuyar ƙosai, ya yarda duniya ta sake. Tsofaffi su ce da can hadari ɗaya ya isa a yi shuka ta kama, yanzu sai an shuka an sake an kuma sakewa, iska na binne ta da rairayi. Su ce da can tsakaninmu da Gangara daji ne har kura na tare hanya, yanzu in ka tsaya bakin gari kana hango jakin da ke shiga kasuwar. Ba mai musun wannan magana. Ana gama ta kuma kowa ya saɓi gatarinshi ya nufi gona sassabe, ya bi duk wani tohon sabara da kalgo ya datse, ya tara ya cinna wuta. A wurinmu manomin kirki shi ne wanda gonarshi take fes kamar tafin hannu. Wanda ya bar toho a gonarshi rago ne, ko ɗiya ba a son ba shi.

Amma a fagen yarda da canjin yanayi ba wanda ya kama ƙafar yayana, Babanku Sani. Wani furoje, irin shirin nan na raya karkara, ya taɓa zuwa ƙasarmu, ya kai shi Maraɗi formasiyo, wato horo, ya dawo da riga triko mai hoton icce a ƙirji, da hula mai baki, da sarautar Perzidan na komiten kare itatuwa. Furojen ya cika wa'adinshi ya tafi, sarautar ta zauna. Har rediyon karkara ake kiran shi ya yi bayani, kuma wallahi ya iya. In ya fara zancen hayaƙin da ya taru a sama ya lulluɓe duniya kamar bargo, sai ka ji zufarka ta ƙaru. Ni kuwa a lokacin ban sa maganar a kaina ba. Abin da na sani ruwa na Allah ne, in ya ga dama ya ba mu, in ya ga dama ya ba mutanen Katsina. In Yaya ya ce mani yanayi ya canza, sai in ce mashi, Perzidan, in ka gan shi ka ce ya dawo hakanan, mun yafe mashi.

Gawon kun san shi, shi ne na tsakiyar gandun da mahaifinmu Malam Audu ya bar mana ni da Yaya, ba mu raba ba. Abin da na sani game da shi bai da yawa. Hatsin da ke ƙarƙashinshi ya fi na ko'ina tsayi da kaurin zangarniya. Da rani, lokacin da kowane icce ya tuɓe, shi kuma sai ya yi ganye ya zubo 'ya'ya, in share in kai ma dabbobina. Kuma a gindinshi mahaifinmu yake jingina in rana ta take, yana zagin mu a kan kunyar noman da ba mu ja daidai ba. Ban san wani hayaƙin sama ba, amma waɗannan na san su.

Kun san a al'adarmu tara iccen jego aikin miji ne. Mace in ta haihu, safe da yamma ana tafasa mata ruwa a yi mata wanka da ganye har ta yi arba'in, kuma mijin da ya kasa kawo iccen nan, ya gama jin kunyar duniya. Ni ban yi sakaci ba. Tun cikin uwarku bai fito sosai ba nake tarawa, guntu nan guntu can, har tsibin bayan ɗaki ya kai kafaɗata. Sai Allah ya kawo ku ku biyu. Sunan tagwaye kuwa ba a gayyata, labari kawai ake ji. Mutane suka zo daga Gazawa, daga Agye, har dangin kakanmu na ƙetaren iyaka, wasu ma na tabbata hanya ce kawai ta biyo da su suka ji ƙamshi. Raguna biyu, tuwo kuwa tukunya na sauka wata na hawa, mata suka bi tsibin nan suna zara suna mani barka. Washegari na zagaya bayan ɗaki, na tarar da ƙadangare zaune inda iccen yake, yana gyaɗa mani kai.

Kakarku Iya, uwar uwarku, ta zo daga Cadawa don ta yi ma ɗiyarta wankan. Ku kun san ta tana tsohuwa mai raba maku alewa. Ni na san ta lokacin da in ta yi gyaran murya zakara ke fasa cara. Saboda kunyar surukuta ba ta taɓa yi mani magana kai tsaye ba, ba ta kuma taɓa kama sunana ba. In tana da saƙo, sai ta gaya ma wani abu da ke kusa, ni kuma in ji. A wannan zuwan rabin tano, gangar ƙarfen da take tafasa ruwa a ciki, shi ne ɗan aikenmu. Da safen nan na shigo na durƙusa nesa na gaishe ta, ta juya ta fuskanci tanon.

"Kai tano, ka shaida. Ɗiyata ta haifi biyu, ba ɗaya ba. Iccen da ya rage a gidan nan ko shayi ba ya dafawa."

Ni ma na dubi tanon na ce, "A gaya ma Iya a yi haƙuri, ana nan ana ƙoƙari."

"Tano, ka ce ba a wanka da ƙoƙari. Duniyar nan ta lalace, rana kamar an sauko da ita, itatuwa sun ƙare, mutane sun sare komai don rashin tsoron Allah. Amma na ji an ce masu gidan nan suna da gawo a gona wanda mutum uku ba su kewaye shi. Ranar kasuwar Gangara in ban ga icce ba, zan naɗe ɗiyata da jikokina mu hau mota. A Cadawa ba a rasa ma mai jego wuta."

Kada ku ɗauka kunyata kaɗai nake ji. Ku a lokacin kowannenku bai fi ludayi nauyi ba, uwarku kuma in ta miƙe sai ta dafa bango. Ungozomar likita ta riga ta ja mana kunne kada a fita da ku cikin rana. Motar kasuwa kuwa buɗaɗɗiya ce, mutum a kan buhu, akuya a kan mutum, a bi ta Gazawa a bi ta Agye kafin a kai Cadawa. Na san in aka ɗora ku a kanta cikin zafin nan, sai dai addu'a. Na kuma san Iya ba ta faɗin magana ta janye. Na nemi na saye, abin da ke hannuna suna ya cinye, icce kuma ya yi tsadar da sai ka ɗauka daga Makka ake kawo shi. Karan hatsi dabbobi sun gama da shi. Da na shigo da buhun busasshen kashin shanu, Iya ta gaya ma tano abin da ba zan rubuta ba.

Kashegari da hantsi ina gindin gawo ina share 'ya'yanshi, sai ga Yaya da gatari a kafaɗa. Kuma don Allah ya nufa a yi dariya, rigar nan mai hoton icce ce a jikinshi, don ta tsufa ta koma rigar gona.

"Idi, matsa," in ji shi.

"Yaya, ina zuwa da gatari? Ko na ƙirjinka za ka fara sarewa?"

"Ba wasa ya kawo ni ba. Gawon nan ya tsufa, ga reshe guda can ya bushe. Yau in sauke manyan rassa, gobe in je in nemi izinin 'yan fore masu tsaron daji mu kai shi ƙasa. Zai kai matarka Dije arba'in har a yi ragowa."

"Kai ne fa ka ce a rediyo wanda ya sare gawo ya sare ruwan jikokinshi. Da kunnena na ji, har na ce kai, yayana ya iya magana."

"Na faɗa, kuma gaskiya ce. Amma rediyo daban, jego daban. Manyan ƙasashe na can suna turnuƙa hayaƙi dare da rana, sai gawon Baba ne zai tare? Icce ɗaya ba ya gyara duniya."

"Ni ban ce ya gyara duniya ba, Yaya. Ragona yake gyarawa."

Ya ɗaga gatari. To, a nan ne na rungumi gawon. Ban yi shawara da kowa ba, hannuwana ne suka tafi da kansu. Abin da ban sani ba, cinnaku sun yi hanya a jikin iccen, suna ganin baƙo suka shige wandona gaba ɗayansu, har da waɗanda suka je ganin gida. Ga gatari a sama ba halin in saki, ga wuta a ƙasa ba halin in tsaya. Hawayen da aka ce an gani na cinnaka ne, ku rubuta wannan ku ajiye. Wata mai tallan fura ta biyo ta hanyar gona ta gan mu, kafin azahar sunan ya riga ni isa gida.

Yaya ya sauke gatarin a hankali.

"Idi, ka manta Rabi?"

Ban manta ba. Rabi matarshi ce ta fari, ba ku san ta ba. Ta rasu bayan haihuwa, jaririn ma bai zauna ba, kuma mata suka yi ta faɗin sanyi ne ya shige ta don ba a gasa ta da kyau ba. Ko haka ne ko ba haka ba ne, Allah ya sani, amma maganar ta zauna ma Yaya a ƙirji, ƙarƙashin hoton iccen nan.

"Ba zan zauna in ga an sake a gidanmu ba," in ji shi. "Ranar kasuwa in babu icce, ko kana manne da shi zan sara."

Ya juya ya tafi. Ni kuma na tuɓe wando a tsakiyar gona na yi ta kakkaɓewa, raina a jagule. Ban ga laifinshi ba, ban kuma ga yadda zan yi ba.

Na shigo gida na tarar Iya ta fita neman ganyen dogon yaro na wanka. Uwarku na kishingiɗe, ku biyu kuna gefenta, ƙaramar rediyonta na kusa da matashi. Ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Sannu da zuwa, Mijin Gawo. An ce an ɗaura, ko goro ba a aiko mani ba."

"Haba Dije, har da ke?"

"Har da ni mana, ni ce uwar biki. Malam, zauna ka ji. Ni ba ruwana da gawonku, a sare ko a bari. Ruwan zafi nake so, kuma ba ni hawa motar nan da 'ya'yan nan. Amma tunda na kwanta ba abin da nake yi sai jin rediyo. Sau nawa Yaya yana cewa ana samun icce ba tare da an kashe icce ba? Wai a rage toho a bar masu ƙarfi. To ina gonar gwajin da furoje ya bar ma komitensu a bayan gari, wadda ta zama kurmi har yara ke tsoron bi ta wurin? Ka je ka ce ya nuna maka abin da yake gaya ma mutane."

Na buɗe baki, ta ɗaga hannu.

"Ban gama ba. Murhun laka da aka koya mana ginawa, wanda ba ya cin icce, ga shi can bayan rumbu. Ka tashi kazar da ke kwanci a ciki."

Gaskiya ne, kusan kowane gida a garin akwai murhun nan. Mata sun gina, an tafa masu, an ɗauki hoto, kowa ta yaba ta ce abin kirki ne, sannan kowa ta koma kan duwatsunta uku. Kajin garinmu ba su taɓa samun gidaje masu kyau irin na shekarun nan ba.

Na sami Yaya a zaurenshi. Ban yi mashi wasa ba a wannan karon, na durƙusa kamar yadda ƙane ke yi.

"Yaya, ka koya mani sassaben nan da kake faɗi a rediyo. In ya kasa, ranar kasuwa ni zan riƙe maka gatarin."

Ya cire hula ya sosa kai.

"Idi, a kan kututture ɗaya aka nuna mana a Maraɗi. Mu talatin muna kewaye da shi."

"To ai ka fi ni, ni ko ɗayan ban gani ba."

Muka je wurin mai gari, ya ce gonar ai ta komite ce, ga kuma Perzidan da kanshi, wa zai hana? Da muka isa na ga abin mamaki. Damana uku ba wanda ya sa mata ƙarfe, kowane tsohon kututture ya fitar da toho kamar gashin mahaukaci, wasu sun kai kaurin hannuna. Sabara, kalgo, taramniya, har da 'yan gawo masu ƙaya. Yaya ya gyara tsayuwa ya fara bayani tun daga hayaƙin sama. Na bar shi ya kai wajen narkewar ƙanƙarar ƙarshen duniya, sannan na ce, Perzidan, ranar kasuwa tana tafe a guje, kuma Iya ta fi ƙanƙara kusa. Ya yi dariya, rabon da in ji dariyarshi tun ranar suna. Ya durƙusa gaban wata sabara, ya zaɓi toho biyu ko uku masu miƙewa ya ce waɗannan su ne gobe, ba a taɓa su. Sauran a sare, amma daga ƙasa a yi sama da addar, don kada ɓawon ya yage ya ji ma uwar rauni. Na farko ya yi shi a karkace har ya kusa raba kanshi da babban yatsa. Na biyu ya fi. Kafin rana ta take, mutumin da na sani da baki ya koma hannu zalla, ina bin bayanshi ina tara rassa ina haki.

Haka muka yi ta yi, tun sanyin safiya har rana ta kore mu, mu koma da la'asar. Zafin da kowa ke zagi shi ya yi mana rana, don in ka baza siraran rassan nan a fili, kafin ka juya sun bushe ƙayau. Kafin su bushe kuma, na hau gawon da kaina na sauke reshen nan guda da ya mutu, shi ya riƙe mu. Na gaishe da cinnakun daga nesa.

Saura murhu. Na tashi kazar, ta bi ni da tsiya har zaure. Iya ta ga na jawo shi tsakar gida, ta gaya ma tano cewa ita ba ta dafa ruwan jego a murhun 'yan lakol, uwarta a kan duwatsu ta yi, kakarta ma haka. Uwarku ce ta san lagonta. Daga cikin ɗaki ta ce, Iya, hayaƙin duwatsun nan yana shigowa, jiya Husaina ta kwana tari. Ko kin yi tarin ko ba ki yi ba, Husaina, ban bincika ba. Iya dai ta ɗora babbar tukunya tana gunaguni, ta tura 'yan rassan da ba su kai rabin abin da take turawa ba, ta zauna tana jiran abin ya kunyata. Can ta tsoma yatsa don ta nuna ma duniya ruwan bai yi ba. Ihun da ta yi, an ce an ji shi a Gazawa.

Ranar kasuwa ta zo. Iya ta fito da ƙullin kayanta a ɗaure, ta ajiye bakin ƙofa. Ni da Yaya muna durƙushe gefe, hannuwanmu duk ƙaya ta zane su, gatarinshi na jingine a zaure kamar yadda muka yi alkawari. Daga nesa muna jin motar kasuwa na kiran fasinja. Iya ta zagaya bayan ɗaki inda muka jibge rassan. Ta kewaya tsibin, ta zaro ɗaya ta karya a gwiwa, ya ce ƙas. Ta zura hannu can ƙasa ta zaro wani, don ta ga ko mun ɓoye ɗanye a ciki, shi ma ya ce ƙas. Ta dawo ta tsaya gaban tanon da aka kife tun da murhu ya karɓe mashi aiki.

"Tano, sirara ne kamar ƙafafun mai su." Ta sake duban tsibin. "Amma sun bushe. Ka ce a shigar mani da kayana, rana na dukan su."

Na tashi da ƙafafun nan da aka zaga, na ɗauki ƙullin na shigar. Daga cikin ɗaki na ji uwarku na dariya har ta tashe ku, kuka fasa kuka ku biyu a tare. Ban taɓa jin kuka mai daɗin wannan ba. Yaya ya juya baya yana gyara hula, ya daɗe yana gyara ta.

Abin bai tafi a banza ba. Muna can muna gyara gonar komite, gandunmu ba wanda ya share, sai ga ruwan shuka ya sauko ba sallama. Dole muka shuka hakanan cikin toho, muka bi daga baya muna ragewa yadda Yaya ya koya mani. Duk wanda ya wuce ta hanyar gona sai ya tsaya ya yi mana jaje, wai 'ya'yan Malam Audu sun lalace, ɗaya ya auri icce ɗaya ya zama waliyyin auren. Ni na saba da tsiya, ina ma rama ta da riba. Yaya ne abin ya fi ci, don shi duk shekara gayaunarshi ce ta fi ta kowa tsabta, kada a ce Perzidan rago ne. Amma bai sare ba. Kuma ba zan ce maku damanar ta zo da abin mamaki ba, tsaka-tsaki ta yi, mun ci mun kai wata damanar. Zafi kuwa tun daga lokacin sai ƙaruwa yake. Yanzu na yarda da maganar Yaya, idona ya gani, ko da yake har gobe in ya kai wajen ƙanƙarar nan barci ke ɗaukata.

Ranar da uwarku ta yi arba'in ta fito tsakar gida da ƙafarta, ta yi kyau ta murje, ku kuma kun yi kumatu. Icce har ya yi ragowa. Iya ta yi shirin komawa Cadawa, na ɗaura ma jaki amalanke in kai ta tasha. Ta hau ta zauna, ta gyara lulluɓi. Tano ba ya kusa, sai ta dubi jakin.

"Kai jaki, ka gaya ma mai kai, akuyata ta rame, ciyawa ta ƙare a Cadawa. In akwai 'ya'yan gawon nan, a sa mani buhu guda."

Na ce ma jakin ya gaya ma Iya buhu biyu ne, tun jiya suke ƙarƙashin tabarmar da take zaune a kai. Ta ɗaga gefen tabarmar ta leƙa, ta mayar. Har muka isa tasha ina ganin kafaɗunta na rawa don dariyar da take ɓoyewa. Daga shekarar nan har Allah ya karɓi abinshi, duk rani sai ta aiko a karɓar mata 'ya'yan gawo, kuma saƙon kullum iri ɗaya ne, a gaishe da Mijin Gawo da iyalinshi duka biyu.

To kun ji yadda aka yi. Husaina, uwarku ta gaya mani watan gobe za ki zo gida haihuwar fari, Allah ya sauke ki lafiya. Kada mijinki ya tayar da hankalinshi a kan icce. 'Yan tohon da aka yi mana jaje a kansu, yau sai an ɗaga kai ake ganin ƙarshensu, rassan da za a rage masu kaɗai sun ishe ki, ko da kin biyo uwarki kin kawo biyu. Kai kuma Hassan, duk abin da ka faɗa a kan yanayi na yarda, ban musa ko ɗaya ba. Jibi da sassafe ka same ni a gindin gawo, addarka na nan na wasa maka. Bayanin ka bar shi gida, Babanku Sani zai zo da nashi. Kuma ka ɗaure bakin wandonka.